Yaranmu da Wayar Hannu: Abin da Na Gano a Rusaifa

 

Yau ina so in kai ku birnin Makka, amma ba a Harami za mu tsaya ba. Za mu ɗan yi yamma zuwa unguwar Rusaifa, inda tashar jirgin ƙasan nan mai sauri take, wanda ya soma jigilar mutane tsakanin Makka da Madina a shekarar 2018. Duk alhajin da ya taɓa zagaya wannan shiyya, da kewayen Shara Mansur, ya san mutum yana iya cin tuwo da miyar kuka, ya yi ciniki, ya yi sallama, bai furta kalmar Larabci ko ɗaya ba. Hausawa sun daɗe a nan. Kakannin waɗansu sun taso ne bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka bi ta Sudan a ƙasa, suna noma suna tafiya, shekara da shekaru. Waɗansu kuwa jirgin sama ne ya kawo su. Akwai waɗanda suka zama 'yan ƙasa, ana kiransu Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai masu takardar zama, watau igama. Akwai kuma waɗanda ke zaune a ɗarare.

A gidan wani tela na sauka, dattijo mai fara'a. Wata rana bayan sallar isha'i ya ce mini, "Malam, kai da ka yi boko mai zurfi, zo in ba ka labarin ɗana." Yaron shekararsa 14. Da can ba ya zaman gida saboda ƙwallo, sai aka ga ya daina fita. Kowace safiya ta makaranta sai ya ce cikinsa na ciwo, ranar Juma'a da Asabar kuwa garau yake. In wayarsa ta yi ƙara sai ya zabura, ya kife ta. Uban ya yi faɗa, ya ce lalaci ne. Uwar ta nemo rubutu, ta ce baki ne. An yi wata huɗu a haka kafin yayarsa ta gano dalili.

Ashe wata rana dattijon ya je ƙofar makaranta ɗaukar ɗansa, ya yi magana da mai gadi da irin Larabcinsa na wanda ya koya da girma. Wani ɗalibi ya ɗauke shi a waya, ya saka a zauren hirar 'yan ajinsu, aka laƙa wa yaron suna, ana kwaikwayon muryar ubansa, ana yi masa gorin launin fata da na asali. Da uban ya tambaye shi abin da ya hana shi faɗa, sai ya kawo dalili uku. Ya ce, "Baba, na san za ka karɓe wayar. Kuma kullum kana ce mana mu baƙi ne, kada mu jawo magana. Sannan ban so ka ga abin da suka yi da kai ba."

To, jama'a, wannan amsa ita ce maƙasudin jawabina na yau. Yaron da ake ci wa zali ba kasafai yake faɗa ba, kuma sau da yawa mu iyaye ne muka gina katangar da ta hana shi, ba da saninmu ba.

Matsalar ba ta Rusaifa kaɗai ba ce. A wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2019, an nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken. A wannan shekarar kuma asusun UNICEF ya ji ra'ayin matasa fiye da 170,000 a ƙasashe 30, masu shekara 13 zuwa 24. Ɗaya cikin uku ya ce an muzanta shi ta intanet, ɗaya cikin biyar kuwa ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda haka.

Wani zai ce ai yara sun gaji tsokana, mu ma an yi mana ba mu mutu ba. Gaskiya ne Bahaushe ya san wasa. Bakano da Bazazzagi suna yi, Bafulatani da Babarbare suna yi, taubasai ma haka. Amma ku lura da ƙa'idar wannan wasa: kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma dukansu suna dariya. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Dan Olweus, wanda ya soma nazarin wannan al'amari a ƙasashen Suwidin da Norwe tun cikin shekarun 1970, ya ba da alamomi uku da ake gane cin zali da su. Ana yin sa da gangan don a cutar, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa, ko don ƙanƙanta, ko don shi kaɗai ne su kuwa taro. Hukumomin Norwe ba su ɗauki abin da muhimmanci sosai ba sai da yara maza uku suka kashe kansu a 1982, sannan aka ƙaddamar da gangami a makarantun ƙasar baki ɗaya a 1983. Kada mu jira irin wannan darasi.

Wayar hannu ta ƙara wa abin dafi ta hanyoyi da dama. A zamaninmu, wanda aka tsangwama a makaranta yana samun sa'ida in ya shigo zauren gidansu. Yanzu mai tsangwamar yana cikin aljihunsa, yana bin sa har kan shimfiɗa da tsakar dare. Da, mutum biyar ne shaidu. Yanzu hoto ɗaya yana kaiwa ga ɗaruruwa kafin a idar da salla. Mai zagin yana iya ɓuya bayan sunan ƙarya. A manhaja irin Snapchat, wadda matasan Sa'udiyya ke amfani da ita ƙwarai, saƙo yana ɓacewa bayan an karanta, ya bar ciwo ba shaida. Har cikin wasannin da ake yi da baƙi ta intanet, irin su PUBG, ana zagi da murya. Mafi muni shi ne a yaudari yarinya, ko yaro, a karɓi hoto, daga baya a ce ko kuɗi ko a watsa.

Iyayen da ke zaman ƙasar waje suna da ƙarin nauyi guda. Da harshen da ba su ƙware a kai ba ake zagin ɗansu. Tela mai masaukina ko da ya buɗe wayar, ba zai gane Larabcin titi na 'yan makaranta ba. Haka abin yake ga Bahaushen da ke Landan ko Faris ko Kumasi. Irin waɗannan yara kuma sukan sha daga gefe biyu: a can a ce musu baƙi, in sun zo Kano ko Maraɗi a ce musu 'yan Takari, a yi dariyar Hausarsu.

Yaya za a gane? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ku lura da yaron da ya sauya ba dalili. Mai surutu ya yi shiru. Mai cin abinci ya rage. Barci ya ƙaurace masa, ko yana firgita. Ciwon kai da na ciki suna zuwa ranar makaranta kaɗai. Makinsa ya faɗi. Abokan da ke sallama da shi sun ɗauke ƙafa. Yana ɓoye fuskar waya in an matso, ko ya goge shafinsa kwatsam, ko yana neman kuɗi ba ya faɗin abin da zai saya. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, amma in biyu ko uku suka haɗu har tsawon makonni, to akwai magana. Idan kuwa yaro ya fara cewa gara ma ya mutu, ko ya ji wa kansa rauni, kada a ɗauke shi shirme. A kai shi ga likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

In an gane, abu na farko shi ne a rushe katangar nan. Ku gaya wa yaro tun kafin komai ya faru cewa in ya kawo ƙara ba za a ƙwace wayarsa ba, ba kuma za a doke shi ba, ko da shi ma ya yi kuskure a ciki. Wanda aka zalunta aka kuma hukunta shi a gida, ba zai sake buɗe baki ba. Na san al'adarmu ta kunya, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari, tana sa hira ta yi wuya. Amma al'adar da ta kawo kunyar ita ta tanadi kaka da gwaggo da kawu da yaya. A zaɓi wanda yaron ya fi sakewa da shi, a ce masa, "Ga ɗanka nan, ka riƙa jin cikinsa."

Na biyu, kada a rama, kada kuma a goge. A ɗauki hoton saƙonnin, da sunan shafin, da rana da lokaci. In saƙon mai ɓacewa ne, a ɗauka da wata wayar. Sannan a toshe mai zagin, a kai ƙararsa ga masu manhajar. Wannan ba ya bukatar igama ko fasfo. Mai barazanar watsa hoto kuwa kada a ba shi ko sisi, domin wanda aka ba yau gobe zai dawo.

Na uku, a je makaranta da shaidar a hannu, cikin natsuwa, a nemi shugaba ko malamin da ke ba ɗalibai shawara. Wanda harshe ya yi wa nauyi ya tafi da mai fassara. A tambayi matakin da za a ɗauka, a sa ranar dawowa. Zuwa gidan iyayen wancan yaro cikin fushi yakan mai da rigimar yara ta manya. In ana son sulhu, a bi ta hannun liman ko dattawan unguwa.

Akwai kuma doka. A Sa'udiyya, dokar laifuffukan kwamfuta ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya ɓata sunan wani ta waɗannan na'urori, ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Dokar 2018 kan cin zarafi ta hanyar maganganu ko ayyukan batsa ta kai hukuncin har shekara biyar in yaro aka yi wa. Akwai layin taimakon yara mai lamba 116111, da manhajar 'yan sanda ta Kulluna Amn. Nijeriya tana da tata dokar tun 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, Nijar kuma ta kafa tata a 2019. Sanin haka kaɗai yakan sanyaya gwiwar mai cin zali.

Saura wata tambaya mai ɗaci. Idan ɗanka ne mai yi fa? Ko kuwa yana cikin masu dariya? A zauren da aka ci mutuncin tela, yaro ɗaya ne ya ɗauki hoton, amma sauran ne suka raya shi da dariya da turawa gaba. Masu bincike a Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan sun gina shirinsu mai suna KiVa a kan wannan fahimta, watau cewa mai cin zali 'yan kallo yake nema, in suka juya masa baya kasuwarsa ta watse. Saboda haka ku tambayi 'ya'yanku abin da suke yi in ana wulaƙanta wani a gabansu. Ku koya musu kada su tura, kada su yi dariya, su aika wa wanda aka zalunta kalma mai daɗi a keɓe, su sanar da babba. Musulmi sun san Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma wannan hani bai tsaya a bakin waya ba. Mu ma mu duba bakinmu. Yaron da ya ji ana gorin ƙabila ko launi a kan tabarmar cin abinci, can zai kai shi.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Yawancin manhajojin nan sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, a kiyaye wannan. Wayoyi su kwana a falo, har da na iyaye. A ce wa yaro ya koya maka yadda abin ke aiki, domin yaron da ke koyar da ubansa yana buɗe masa ƙofa bai sani ba. A kuma ba shi labarin asalinsa yadda zai riƙe shi da alfahari. Wanda ya ja ragamar 'yan ƙwallon Sa'udiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne, kuma da wannan suna ya shiga fili.

Mai masaukina ya je makarantar, ya tafi da wani maƙwabcinsa don fassara. An kira iyayen ɗalibin, an goge hoton, ko da yake ba mai iya rantsuwa cewa bai saura a wata wayar ba. Yaron ya koma ƙwallo sannu a hankali. Abin da dattijon ya ce mini da zan tafi shi ne, "Malam, wata huɗu yana kare mutuncina, ni da ya kamata in kare nasa."

Jama'a, a daren yau, kafin a kashe fitila, kowa ya tambayi ɗansa ko 'yarsa yadda aka wuni, ya kuma jira amsa. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.