Lambar kalorin da ke bayan leda: wa ya auna ta, kuma gaskiya ce?

Yau wata baiwar Allah ce ta jawo mana hirar. Ta turo saƙo cewa likita ya ce ta rage ƙiba saboda hawan jini. Wata uku ke nan tana lissafa kalori a waya, komai sai ta duba bayan leda kafin ta kai baki, amma sikeli ya ƙi motsi. Shi ne take tambayata: wai lambobin nan ƙarya ne?

To Hajiya, ba ƙarya ba ne, amma fa ba awon mai sayar da gwal ba ne. Bari mu bi abin daki-daki.

Shi kalori ma'aunin zafi ne. Kalori ɗaya irin na jikin abinci shi ne zafin da zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. To ya ake gane na abinci? Ƙona shi ake yi ƙurmus! A busar da shi, a sa a wata 'yar tukunyar ƙarfe a rufe gam, a ɗura mata iskar oksijin, a nutsa ta cikin ruwa, sannan a kunna wuta da lantarki. Gwargwadon zafin da ruwan ya ɗauka, gwargwadon kalorin. Sunan na'urar bom kalorimita.

Sai dai cikin mutum ai ba murhu ba ne. Wuta tana cinye har dusa, hanji kuwa ba komai yake tsotsewa ba. Wannan ne ya sa wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Wilbur Atwater, a ƙarshen ƙarni na 19 ya riƙa auna abin da mutane suka ci, sannan, a gafarce ni, ya auna abin da suka fitar a bayan gida da fitsari, ya debe. Daga nan aka samu lissafin da ake amfani da shi har gobe: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, furotin 4, maiƙo 9. Yawancin kamfanoni yanzu ba sa ƙona komai, wannan lissafin kawai suke bugawa.

To ina gizo ke saƙar?

Na ɗaya, lissafin nan tsaka-tsaki ne. A 2012 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka suka gano cewa giram 28 na almon kalori 129 jiki ke samu, alhali lissafin Atwater ya ba da kusan 170. Dalili? Wani maiƙon yana kulle cikin ƙwayar, haƙori bai fasa ba, sai ya wuce abinsa. Tun 1980 ma an gwada da gyada: wanda ya tauna ta ɗaiɗai ya fi zubar da maiƙo a bayan gida fiye da wanda ya ci markaɗaɗɗiya, shi kuwa man gyada kusan duka jiki ke shanyewa. Kun ga ke nan gyadar ƙulli da tunkuza ba ɗaya ba ne a ciki.

Na biyu, girki. Dahuwa da niƙa suna sauƙaƙa wa hanji aiki, sai jiki ya ƙara samu. Dafaffen dankali ya fi ɗanye ba da kuzari, ko da takarda ta nuna kusan lamba ɗaya.

Na uku, doka kanta ta bar ƙofa. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ba ta ɗaukar lambar a matsayin saɓa doka sai kalorin ya zarce abin da aka rubuta da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Wato biskit ɗin da aka ce 200 yana iya kai 240.

Na huɗu kuma shi ne namu. Wa ya taɓa ganin lamba a jikin malmalar tuwo? Malmalar gidanku da ta gidanmu ba ɗaya ba ce. Ƙosai kuma ya danganta da man da ya sha a kasko. Ni kaina ranar da na auna man da nake tuttulawa a shinkafa da wake, cokali uku na gani, kuma kowane babban cokali kusan kalori 120 ne. Ban taɓa sa shi a lissafi ba!

Saboda haka Hajiya, kada ki jefar da lissafin, kada kuma ki ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Ki fara da mai: ki riƙa auna shi da cokali, ba da ido ba. Ki sa lemon kwalba da sukarin shayi a lissafi. Ki riƙe kwano ɗaya na cin abinci, ki hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako. In sati huɗu suka wuce shiru, ki koma wa likitanki da abin da kika rubuta.

Ku ma masu saurare, ku auna man miyarku na yau ku faɗa mana cokali nawa kuka samu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.