ƘIBA DA CIWON ƘODA: JIKI AMANA NE

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun taso muna ɗaukar tumbi alamar wadata, har wasu mata suna shan ƙwayoyin "sha ka fashe" domin a ce suna jin daɗin gidan miji. Wannan al'ada ba ta da asali a addini. Allah (S.W.T.) ya hana mu ɓarna a ci da sha a Suratul A'araf, aya ta 31. A hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, an shiryar da mu ga kasa ciki uku, domin abinci da abin sha da numfashi.

A kowace ƙoda Allah ya halicci ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda suke tace jini dare da rana. Idan jiki ya yi nauyi fiye da kima, sai jini ya riƙa bi ta cikinsu da ƙarfi, su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu har su lalace. Sa'an nan ƙiba tana jawo ciwon sukari da hawan jini, waɗanda su ne manyan sabubban mutuwar ƙoda. Saboda haka ne aka keɓe Ranar Ƙoda ta Duniya ta shekarar 2017 domin faɗakarwa a kan ƙiba. Kuma ciwon ba ya sallama. Sau da yawa kafin a ga kumburin ƙafa ko kumfa a fitsari, ɓarna ta yi nisa.

Kada mu ce wannan cutar 'yan birni ce. Mu dubi ƙauyukanmu na Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, mu kuwa sai babur. Injin niƙa ya karɓe aikin turmi, lemon kwalba yana ture kunu da fura, dunƙulen ɗanɗano mai gishiri ya kori daddawa.

Gaskiya ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, kuma ana wankin ƙoda a can. To amma wankin nan sau biyu ne ko uku a kowane mako. Mu da gonakinmu suka ƙanƙance saboda rabon gado, gona nawa magidanci zai sayar? Me zai bar wa 'ya'yansa?

Don haka muna kira da mu rage sukari da gishiri da maiƙo, mu koma tafiya da ƙafa, mu je asibiti a auna jininmu da sukarinmu ko da ba mu jin ciwo. Magidanta su hana shigar ƙwayoyin ƙiba gidajensu, su kuma daina kushe iyalinsu da rama. Mu guji jiƙe-jiƙen da ba a san asalinsu ba, da yawan shan maganin ciwon jiki ba da izinin likita ba. Riƙon sababi ba ya kore tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.