Jawabi A Kan Baƙin Mishan Masu Zuwa Na Ɗan Lokaci

Iyayenmu dattawa, 'yan'uwa da neman zinariya ya kawo Cibarakatan tun 2014, Allah shi ba mu alherin wannan zama.

An tambaye mu ra'ayin ƙungiya game da Kiristocin da ke shigowa rugagen Buzaye da magani da littattafai, su yi sati biyu su koma. To, mishan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Sharl da Fuko ya zauna Tamanrasat daga 1905 har aka kashe shi a 1916, ya bar ƙamus na Buzanci da malamai ke buɗawa har yau. Likitar Galmi tana aiki tun 1950, dubban Musulmi sun warke can. A Cirozerin mishan ta yi lakwal, 'ya'yan makiyaya sun yi karatu. Waɗannan sun zauna, sun ji yare, kowa ya san addininsu.

Na sati biyu fa? Zai ba mai hawan jini ƙwayar wata guda, ya hau mota. In ta ƙare, wa za a nema? Mu malaman lakwal abin da ya fi damunmu yara ne, don yaro ba ya rarrabe kyauta da wa'azi.

Shawararmu ita ce a karɓi baƙo da mutunci, kada a maimaita ƙona coci-coci na 2015. Amma shi fara gaida mai gari da liman, shi faɗi abin da ya kawo shi a fili, magani shi bi ta hannun likitan gwamnati, kuma kada a tara yara sai da uwayensu. Dattawa, muna jiran taku kafin taro na gaba.