TAFIYA MABUƊIN ILMI: Lacca a Kan Yawon Ƙafa na Yini Guda a Ƙasar Gombe



Maƙasudin wannan lacca shi ne a jawo hankalin jama'a ga wata al'ada mai arha, mai yawan amfani, watau mutum ya keɓe yini guda, ya fita bayan gari, ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya ga duwatsu da koguna da kufayin kakanni, sa'an nan ya komo ya kwana a ɗakinsa. An ɗauki Gombe ta zama misali domin ƙasa ce mai tuddai da tarihi, kuma hanyar dogo ta ratsa ta.

DALILIN WANNAN KIRA

Mutanen da ba su bukaci a yi musu lacca a kan tafiya ba. Falke da manomi da makiyayi duk a ƙafa suke neman abinci. Amma yau ma'aikaci kan fito daga gida ya hau babur, ya wuni a kujera, ya sake hawa babur ya komo. Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan zama yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a kowane mako, tafiya da sauri kuwa tana cikin lissafi.

Akwai kuma hasara ta biyu, watau jahiltar ƙasar haihuwa. Sau da yawa yaron da aka haifa a Jekadafari ko Pantami zai lissafa biranen Turai, alhali bai taɓa ganin inda aka yi yaƙin Mbormi ba. Abin da mutane ba su sani ba kuwa ba za su kiyaye shi ba.

JIRGIN ƘASA DA GOMBE

A shekarar 1919 aka mai da hedkwatar masarautar Gombe zuwa inda take yanzu, bayan ta zauna a Gombe Abba, garin Modibbo Buba Yero, da kuma Nafaɗa. A 1958 Nijeriya ta karɓi rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, aka soma shimfiɗa dogo daga Kuru, kusa da Jos. Dogon ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Da shi aka riƙa kwashe auduga da gyaɗa da shanu zuwa kudu, garin ya bunƙasa, har ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Daga baya dogon ya tsufa, jirgin fasinja ya daina shigowa tashar Gombe. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran hanyar daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma a 2024 aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba. Kafin gyara ya iso nan, mota ce za ta kai mai yawo wuraren da za a ambata. Amma ya kamata a san amfanin jirgi ga wannan al'ada tun yanzu. Jirgi yana ɗaukar aji guda na 'yan makaranta a tarago ɗaya, yana da lokacin tashi sananne, kuma wanda ya sauka a wata tasha yana iya takawa zuwa ta gaba ya hau daga can, ba sai ya komo inda ya bar mota ba.

An ga haka a wasu wurare. A Ingila mutanen London kan hau jirgin safe zuwa gaɓar teku ta kudu, su wuni suna bin bakin fararen duwatsu, su komo da jirgin yamma, kuma tun 1949 ƙasar ta yi dokar da ta tanadi hanyoyin ƙafa a karkara. A nan gida ma, tun da aka buɗe sabon dogon Ikko zuwa Badun a 2021, mutumin bakin teku yana iya sauka a Abekuta ya hau Dutsen Olumo, inda Egbawa suka ɓuya a zamanin yaƙe-yaƙe.

WURAREN DA SUKA CANCANCI ZIYARA

Na farko shi ne Mbormi, wanda littattafai ke kira Burmi, a ƙaramar hukumar Funakaye, kusa da Bajoga. Bajoga tasha ce a kan dogon da ya nufi Maiduguri, saboda haka wannan ita ce tafiyar da jirgi zai fi sauƙaƙawa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi. A Mbormi sojojin Turawa suka cim musu, aka yi kazamin yaƙi ranar 27 ga Yuli, 1903. Sarkin Musulmi ya rasu a fagen fama tare da ɗimbin jama'arsa, haka kuma aka kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan, inda suka kafa gari mai sunansa a bakin Kogin Nilu. Kabarin Sarkin Musulmi yana nan a Mbormi. Wanda ya tsaya a wannan fili ya dubi yadda ƙasar ta kwanta zuwa Kogin Gongola zai fahimci abin da allon makaranta ba zai iya nuna masa ba. Gani ya kori ji.

Na biyu shi ne Dutsen Liji, a gefen birnin Gombe ta gabas. Wannan ya dace da mai koyo, domin ana iya zuwa a komo kafin azahar. Daga bisa ana hangen gari a cikin kwarinsa, ana kuma ganin kwazazzaban da ruwa ya haƙa, waɗanda suka ci gidaje da gonaki. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara tambayar dalilin dashen itatuwa ba.

Na uku shi ne Dutsen Bima da madatsar ruwa ta Daɗin Kowa a kan Kogin Gongola, ƙasa da kilomita 40 gabas da Gombe. Sunan wannan dutse ya shiga littattafan ilmin ƙasa, domin da shi masana ke kiran wani irin dutsen yashi da ya shimfiɗu a wannan yanki. A ƙarƙashinsa akwai masunta da gonakin noman rani.

Na huɗu shi ne ƙasar Tangale da Waja a kudu, ta hanyar Yola, inda Dutsen Tangale ya yi tsiri a sama, ga kuma tudun Tula mai sanyin iska. Hawan waɗannan sai wanda ya saba, kuma sai da ɗan jagora.

SHIRIN TAFIYA

Lokaci mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, tafiyar rana tana iya kayar da ƙato. Da damina kuwa kada a kuskura a bi cikin kwazazzabo, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya taho da ambaliya ba zato.

A tashi da sassafe. Mai lafiya kan yi kimanin kilomita 4 a sa'a guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, hawa kuwa yana rage wannan ƙwarai. Saboda haka a lissafa lokacin komowa tun kafin a fita, a juyo da zarar rabin lokaci ya cika, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2 ko 3, da guzuri mara nauyi kamar dabino, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, da malafa, da sanda, da takalmi mai rufe idon sawu. Kada a tafi ƙasa da mutum uku, kuma a shaida wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A bincika halin tsaron wurin a ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tukuna.

HAƊARI BIYU

Na ɗaya maciji. Kudancin Gombe ya yi suna da kububuwa, shi ya sa aka keɓe asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Sara ya fi yawa lokacin noma da girbi. Kada a sa hannu a cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a kwantar da hankalin mutumin, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Jinkiri wurin mai magani a gida ya sha jawo asarar rai.

Na biyu dogo. Hanyar jirgi ba hanyar ƙafa ba ce, ko da an daɗe ba a ga jirgi a kai ba, domin jirgi ba ya iya tsayawa nan da nan kamar mota. Kada a bi kan gadar jirgi, kada a zauna a kan dogo. Wanda ya ga ana kwance ƙarafan dogo ya kai rahoto ga hukuma. Kowane ƙarfe da ɓarawo ya ɗauke yana ƙara nisanta ranar da jirgi zai komo Gombe.

HAƘƘIN MASU ƘASA

Kowane dutse yana da masu shi. In an isa ƙauye a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo baƙi, a nemi ɗan jagora, a kuma sallame shi da abin da ya dace. Matambayi ba ya ɓata. Akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa, kada a shiga ko a ɗauki hoto sai da izini. Kada a keta gona, kada a kori dabbobin makiyaya, kada a jefar da guntun taba a busasshiyar ciyawa, kuma a komo da kowace leda da aka tafi da ita.

KAMMALAWA

Ana roƙon shugabannin makarantu su sa irin wannan fita a tsarin kowane zango, ƙungiyoyin matasa da na ma'aikata su keɓe Asabar ɗaya a wata, ƙananan hukumomi kuma su share hanyoyin ƙafa, su kafa allunan bayani da Hausa da harsunan mutanen wurin. Iyaye su kai 'ya'yansu, maza da mata. A fara da Liji kafin a nufi Tangale, domin sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da lafiya da zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.