Guguwar Katrina: Rabon Iska da Rabon Ofis



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mazauna bakin teku ke fama da mahaukaciyar guguwa da kuma ɓarnar da takan bari. Zan tsaya a kan misali ɗaya, watau guguwar Katrina wadda ta auka wa gaɓar kudancin Amurka ran 29 ga Agusta, 2005, ta hallaka mutane fiye da 1,300. Nufina in nuna muku cewa yawancin wannan hasara an rubuta ta ne a bisa teburan ma'aikata, wata kafin iskar ta taso, wata bayan ta kwanta.

Birnin Niyu Oliyans na Jihar Luwiziyana yana zaune kamar ƙwarya tsakanin kogin Misisifi da wani babban tafki, kusan rabinsa kuma yana ƙasa da matakin ruwan teku. Abin da ke tsare shi daga ruwa shi ne jinga da ganuwar kankare, sai injunan da ke zuƙe ruwan sama. Bayan guguwar Betsy ta 1965 aka ba injiniyoyin sojan Amurka aikin gina wannan kāriya, amma har shekara 40 ta cika ba a gama ba. Da Katrina ta tunkuɗo teku, kāriyar ta fashe a wurare fiye da 50, ruwa ya mamaye kashi 80 cikin 100 na birnin. Wasu bangwaye sun faɗi tun ruwa bai kai kansu ba, don ba a kafa tushensu da zurfi cikin ƙasa mai laushi ba. A 2006 su injiniyoyin da kansu suka amsa cewa akwai kuskure a zanen. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ce ba a san za a yi haka ba. A Yulin 2004 hukumomi sun taru sun gwada shiri a kan wata guguwa ta ƙage da suka raɗa wa suna Pam, suka rubuta irin ambaliyar da za ta biyo baya. Takarda ta samu, aiki ya tsaya. Ana gobe guguwa magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fita. To, amma kimanin gida ɗaya cikin huɗu ba shi da mota, ga shi kuma ƙarshen wata ne, aljihun talaka ya bushe. Motocin makaranta da za su iya kwasar jama'a aka bar su jere a fili har ruwa ya shanye su. Dubban mutane suka fake a filin wasa na Superdome cikin zafi da ƙishirwa. Kusan rabin waɗanda suka mutu a Luwiziyana tsofaffi ne masu shekara 75 zuwa sama.

Akwai kuwa waɗanda suka fita kunya. Dakarun tsaron gaɓar teku sun ceci mutane fiye da 33,000, domin ƙananan jami'ansu sun saba yanke shawara nan take ba tare da jiran sa hannun manya ba. Masunta da masu ƙananan jiragen ruwa su ma suka bi gida gida. Shi kuwa shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, Michael Brown, mako biyu da guguwar ya ajiye aiki saboda sukar da ya sha.

Jama'a, janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen masifa ba. An kafa wani shiri mai suna Road Home don taimakon masu gidaje, amma aka ƙayyade kuɗin kowa da darajar gidansa kafin guguwa. Buhun siminti kuwa kuɗinsa ɗaya ne a unguwar masu hali da ta talakawa. Saboda haka mai gida a unguwar baƙar fata, inda gidaje ba su da tsada, ya karɓi abin da bai isa gyara ba. Jimla ɗaya a takardar ƙa'ida ta raba wanda zai komo gida da wanda zai ƙare rayuwarsa a garin baƙunci. Birnin da ƙidayar 2000 ta ba shi mutum fiye da 480,000 ya koma kimanin 344,000 a ta 2010. Inda aka farfaɗo da wuri, kamar unguwar 'yan asalin Biyetnam da ke gabashin birnin, jama'a ne suka haɗa kai a cocinsu, suka san inda kowa ya watse, suka komo tare suka matsa wa hukuma ta maido musu da wuta da ruwa.

Daga baya an kashe dala biliyan 14 da 'yan kai wajen sāke gina kāriyar. Ran 29 ga Agusta, 2021, shekara 16 daidai, guguwar Ida ta zo da ƙarfi, wuta ta ɗauke a birnin baki ɗaya, amma ganuwar ta tsaya. Ashe aikin mai yiwuwa ne tun farko.

Ba mu da teku a nan, amma mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Gobe waninku ne zai karɓi rahoton injiniya mai cewa bango ya tsage, ko ya tsara yadda za a kwashe jama'a, ko ya rubuta ƙa'idar rabon agaji. In ranar ta zo, ya tambayi kansa: tsohuwar da ba ta da mota, ba ta da ɗa a gari, ina gurbinta a cikin wannan takarda? In bai same ta a ciki ba, kada ya sa hannu tukuna.