Launin Da Mu Ke Zubarwa A Juji



Duk wanda ya ratsa Tudun Jukun da rana tsaka ya ga ƙannenmu riƙe da ƙullin lemo, harshensu ja wur. Sau da yawa launin nan na kanti ne, watau haɗin da a ke yi daga man fetur. A 2007 binciken Jami'ar Southampton ta Ingila ya danganta waɗansu irinsa da rashin natsuwar yara. A 2025 kuma Amurka ta soke izinin sa Red No. 3 cikin abinci.

Mutanen Italiya kuwa, tun 1879 su ke fid da ja daga ɓawon inabin da aka matse. Sunan sinadarin antosayanin, kuma ban da launi yana rage ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa abinci.

To, ga manoman Kudan na noman inabi nan kusa da mu. Ko babu inabi ma, antosayanin na cikin zoɓo, danginsa kuma na cikin karan dafin da a ke rina jar fata da shi. Aibinsa dai ba ya jure zafi da rana, kanwa kuma na juya shi shuɗi. Maganin wannan aibi mu ke roƙon 'yan'uwanmu masu karatun kimiyya a Samaru su nemo. Su fara gwaji da ragowar zoɓon da aka tace, tun da kyauta za a ba su.