Ƙirga yaranka kafin rana ta faɗi

Jawabin tsohon shugaban ƴan iskut na garinmu a taron tunawa da kafuwar ƙungiya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina gaida iyayenmu malamai, da wakilin mai gari, da shugabannin ƙungiya, da ku matasa maza da mata.

An ce in ba da tarihin ƴan iskut na garin nan cikin minti goma sha biyar. To, tsoho da labarin ƙuruciyarsa, sai dai ku riƙa duba mini agogo.

Aikin iskut dai ba nan ya samo asali ba. Wani hafsan sojan Ingila ne, Baden-Powell, ya fara shi. A 1907 ya kwashi yara ashirin zuwa tsibirin Brownsea, ya raba su ƙananan rukunoni, kowane rukuni da yaro guda a kansa. Mu kuma ta hannun Faransawa abin ya iso mana, ta hanyar lakwal, kuma a 1996 ƙungiyar iskut ta Nijar ta shiga cikin ta duniya. Ku riƙe wannan magana ta yaro a kan yara, don ita ce jigon abin da zan faɗa.

A garin nan, bayan yunwar 1984 aka fara, wadda iyayenmu ke ce ma El Buhari. An turo mana wani mushe, saurayi, wanda ya yi iskut lokacin da yake ɗalibi. Ya tarar da kalas rabi babu kowa, wasu sun bi iyayensu cin rani, waɗanda suka rage kuma in an tashi sai yawon tasha. Ya tara mu ƙarƙashin gawon da ke bayan lakwal. Ba mu da tanti, ba mu da kaki. Usur ɗaya gare shi, da igiya, da wani yadi da matarsa ta yayyanka mana muka ɗaura a wuya.

Kada ku zaci gari ya yi murna. Iyaye suka ce wannan abin Nasara ne. Kuma in za a faɗi gaskiya, suna da hujja. Sun ji ana gaisawa da hannun hagu, sun ga hoton yara da gajeren wando, sun ji za a kai ƴaƴansu daji su kwana. Wa zai tashe su sallar asuba?

Mushe bai yi gardama da kowa ba. Ya tafi zauren liman, ya cire takalmi, ya zauna ƙasa, ya ce: "Allah gafarta malam, a duba abin nan. Wanda bai dace ba a cire." Aka cire hannun hagu. Wando ya sauka ƙasan gwiwa. Aka sa taronmu ranar Alhamis da marece, da yake babu makarantar allo. Liman ya ƙara sharaɗi guda: duk inda za mu, a tafi da buta, kuma a naɗa ladan cikin yaran. Shi ke nan, aka ba mu yara. Muka zama rukuni uku: Barewa, Shaho da Zaki.

Fitarmu ta farko mai nisa, tafkin Madarunfa muka je, cikin hutun watan Disamba, da ƙafa. Guzurinmu gari da ƙuli-ƙuli da tukuɗi, kowa da tabarma da bargo. Can muka koyi ƙullin da ba ya kwancewa, da hura wuta cikin iskar hunturu da ashana guda, da yadda ake ɗaure karaya da karan dawa kafin a kai mutum likita. Da dare mushe ya nuna mana Kaza da Ƴaƴanta, ya koya mana gane gabas ba tare da tambayar kowa ba. Yawancinmu ranar muka fara ganin ruwan da ake shiga da kwalekwale.

Ni ne shugaban Barewa, shekarata goma sha huɗu, yara bakwai a hannuna. Doka ɗaya mushe ke maimaita mana kullum: ƙirga yaranka in za ku tashi, ƙirga su in kun iso. Rana ta biyu muka tafi neman icce bayan la'asar. Hazo ya sauko, sanyi ya fara, ni kuma ina sauri don kada ƴan Zaki su riga mu hura wuta. Ban ƙirga ba.

Sai da muka yi sahun magariba na ga gurbi. Ƙaramin cikinmu babu shi. Ɗan shekara goma ne, kuma ubansa shi ne wanda ya fi kowa ƙin abin nan tun farko, da ƙyar liman ya shawo kansa.

Jama'a, wallahi har yau in na tuna daren nan sai cikina ya ɗuri ruwa. Ga duhu, ga hazo, ga tafki a gefe. Mushe bai daka mini tsawa ba. Ya bar manya biyu su tsare wuta, ya ce a ƙara mata icce don a hango ta daga nesa. Sauran ya jera mu, kowa yana jin muryar na kusa da shi, muna busa usur muna tsayawa mu saurara. Masunta suka fito da fitilunsu suna duba bakin ruwa. Sai wajen tsakar dare wani Bafulatani ya amsa mana daga rugarsa. Yaro na can kwance gefen wuta, an ba shi nono ya sha. Ƙaya ce ta shige masa ƙafa, ya zauna cirewa, da ya ɗaga kai ba ya ganin kowa.

Da muka komo gida na ɗauka magana ta mutu. Mushe ya ce a'a, ni zan je in faɗa ma uban yaron, da bakina, shi zai tsaya ƙofar gida. Na shiga, na durƙusa, na ce: "Baba, an ba ni amanar ɗanka, na yi sakaci, ya ɓata a daji har tsakar dare." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Wa ya aiko ka?" Na ce mushe. Ya ce: "Da kun ɓoye mini na ji a bakin wani, da ya bar ku har abada. Tashi. Gobe ka ƙirga." Wannan yaro shi ya gaje ni a shugabancin Barewa.

Abin da ya sa gari ya karɓe mu kuwa, aiki ne. Kun san 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace. Kowa na dasawa, a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun cinye. Mu sai aka raba ma kowane rukuni nasa dashen. Ku yi masa shinge da ƙaya, ku ba shi ruwa har bazara ta wuce, wanda nasa ya mutu ya yi bayani gaban kowa. Dogon yaron da kuke zama ƙarƙashinsa a hanyar maƙabarta, da tulu muka raine shi. Mu ke nome maƙabarta, mu ke yashe magudanar ruwa kafin damina, mu ke gyara sahu a filin idi.

A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ci amfanin gona, waɗanda muka horar su suka tsaya wurin da ake auna yara masu tamowa, suna shirya layi, suna ɗebo ma iyaye mata ruwa. A ambaliyar 2024, wasu magidanta da furfura a gemu suka fito suna kwashe tsofaffi zuwa lakwal. Da aka gama, na ji ɗayansu yana ƙirga mutanen unguwarsu, gida gida. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

To, yau ina muke? Rukuni ɗaya ya rage, shi ma bai cika ba. Samarin da ya kamata su riƙe ƙanana sun tafi neman zinariya Jado, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Dajin kudu da muke kwana, yanzu ba uban da zai bari ɗansa ya je saboda ƴan bindiga, ni ma ba zan ce a je ba. Amma filin lakwal yana nan, ana iya kwana a ciki. Mu da muka riƙe abin nan gwiwa ta fara ƙi. In ba a samu masu karɓa ba, nan da shekara biyu sai dai labari.

Don haka roƙona ga wannan ƙungiya uku ne. Ku ba mu samari biyu da za su ba da marecen Alhamis, za mu koya musu duk abin da muka sani. Ku ba mu malama guda ta buɗe rukunin ƴan mata, don mu a zamaninmu mun bar su a baya, kuma kuskure ne. Sannan iyaye, ku ba mu yaran, ku zo ku duba kamar yadda liman ya duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka damƙa ma yara bakwai yana ɗan shekara goma sha huɗu, in an damƙa masa kuɗin ƙungiya ko unguwa yana da arba'in, ya san nauyin abin.

Usur ɗin mushe yana nan aljihuna, na zo da shi. Wanda ya shirya, ya same ni bayan an tashi.

Allah ya jiƙan mushe da liman da duk waɗanda suka riga mu. Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Na ga mai agogo yana ɗaga mini hannu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.